Tsawon lensi ne ke dishe hoto, ko ƙofar haske?

Sabon Mai Hoto, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske kan wani abu da nake cin karo da shi a wajen biki. Kyamarata mai ƙaramar sensa ce (farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kansa ya zama hoto), irin wadda ake kira APS-C, kuma lensin da na fi aiki da shi shi ne na milimita 50 mai f/1.8, wato lambar buɗewar ƙofar haskensa. Idan na ɗauki amarya ita kaɗai, fuskarta kan fito tar, bayanta kuma ya narke yadda ake so. Amma da zarar dangi sun jeru sahu uku, ƙawaye sun durƙusa a gaba, iyaye mata suna kan kujeru, sauran suna tsaye a baya, sai in tarar sahu ɗaya ne kawai ya fito, sauran fuskokin kuwa dishi-dishi, alhali a ɗan allon bayan kyamara ba a ganin wata matsala sai an buɗe hoton a kwamfuta. Wani abokin sana'a ya ce tsawon lensin ne ya yi yawa, in koma na milimita 18 zuwa 55 da ya zo da kyamarar. Shin haka abin yake?

Hajiya Mai Situdiyo, Jega:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin a ɗora wa lensi laifi, gaya mana a kan f nawa kake ɗaukar hoton taron, kuma tazarar da ke tsakaninka da su ta kai mita nawa.

Sabon Mai Hoto, Birnin Kebbi:
Hajiya, a kan f/1.8 nake barinsa, domin yawancin zaurukan biki ba su da wadataccen haske. Tazarar kuwa ba za ta wuce mita 4 ba.

Malamin Fiziks, Aliero:
To, amsar tana cikin waɗannan lambobi biyu da ka bayar. Lensi a kan tazara ɗaya tak yake iya daidaita fokas na haƙiƙa, duk abin da ya matso gabanta ko ya ja bayanta ya fara dishewa ke nan, sai dai akwai wani yanki gaba da baya wanda dishewarsa ba ta kai ido ya gane ta ba, kuma zurfin wannan yanki shi ne abin da muke magana a kai. Masu lissafi sun saba ɗaukar cewa ɗigon haske da bai fi milimita 0.03 faɗi ba a kan babbar sensa, mai milimita 36 da 24, ido zai karɓe shi a matsayin ɗigo mai kaifi, a kan sensa irin taka kuwa kusan milimita 0.02 ne, tunda hotonta sai an fi ƙara masa girma kafin ya kai girman ɗaya.

Idan muka yi lissafi da haka, lensin milimita 50 a kan f/1.8, daga mita 4, zurfin da zai ba ka bai kai rabin mita ba, kimanin santimita 46 ne gaba da baya a haɗe. Sahu uku na mutane kuwa, musamman idan akwai kujeru a tsakiya, cikin sauƙi sukan cinye mita ɗaya da rabi. Ka ga babu yadda za a yi su shiga. Amma da za ka tsuke ƙofar hasken zuwa f/5.6 ba tare da ka motsa ƙafarka ba, komai daga mita 3.4 har zuwa kusan mita 4.9 zai fito, a f/8 kuma daga mita 3.2 zuwa kusan 5.4.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Lambar f sakamakon raba tsawon lensi ne da faɗin ramin da haske ke bi, shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin babban rami. Milimita 50 a kan f/1.8 ramin ya kusa milimita 28, a kan f/5.6 kuwa kusan 9 ne. Hasken da ya taso daga hancin wanda ke sahun baya yana shigowa ta kowane gefe na ramin, kuma tunda ba a kansa aka daidaita ba, hasken ba zai haɗu wuri ɗaya a kan sensa ba, zai faɗo a matsayin ɗan da'ira, wadda faɗinta ke bin faɗin ramin. Mai raunin gani da ke ƙanƙance ido domin ya karanta rubutu daga nesa, wannan dabarar yake yi ko bai sani ba.

Mai Hoton Su, Argungu:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni ban yarda a wanke tsawon lensi haka kawai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifi ya san abin da nake faɗa. Idan na ɗora lensin milimita 24 a kan f/5.6, tun daga ciyawar da ke gabana har zuwa ɗaya gaɓar, masunta da gorunansu da homarsu duk suna fitowa. Ina tsaye a wurin, ban canja f ba, in na ɗora na milimita 200 na auna masunci ɗaya da ya rungumo giwan ruwa a mita 10, wanda ke bayansa da taku biyu ma ba a gane fuskarsa. Ƙofar haske ɗaya ce, tazara ɗaya ce, lensi kaɗai aka canja. Don haka abokin wannan yaron bai yi ƙarya ba.

Malamin Fiziks, Aliero:
Abin da ka gani gaskiya ne, ɗan'uwa, lissafi ma yana bayanka. A kan babbar sensa, milimita 200 a f/5.6 daga mita 10 zurfinsa bai kai mita ɗaya ba, na 24 kuma a wannan tazarar yana kama komai daga mita biyu da rabi har iyakar gani. Muddin kana tsaye wuri ɗaya, duk lokacin da ka ninka tsawon lensi, zurfin yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai ka lura cewa hotunan nan biyu da ka kwatanta ba hoto ɗaya ba ne. A na farko masuncin nan ɗan ƙaramin abu ne a cikin dubban mutane, a na biyu kuwa ya cika hoton. Shi kuma mai tambaya ba shi da wannan zaɓin, dole dangin amarya su cika hoton daga gefe zuwa gefe, ko da wane lensi ya ɗauka. Idan ya koma gajeren lensi, tilas ya matso kusa, matsowa kuma tana cin zurfi daidai da yadda gajartar lensin ta ƙara shi, domin idan ka rage tazara da rabi, zurfin ma yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai abubuwan biyu su kashe juna. Ga misali a kan babbar sensa: milimita 50 daga mita 2 a f/4, da milimita 100 daga mita 4 a f/4. Girman mutum a hotunan biyu ɗaya ne, kuma zurfin kowanne kimanin santimita 38 ne. Saboda haka abin da ke hukunci a zahiri shi ne lambar f da kuma girman da abin da kake ɗauka ya yi a cikin hoton.

Mai Hoton Su, Argungu:
A takarda na ji ka, Malam. Amma in haka ne, me ya sa duk mai ɗaukar hoton mutum ɗaya yake neman lensin 85 ko 135? Na gwada abin da kake faɗa da kaina: na ɗauki mutum daga ƙirji zuwa kai da 50, na ja baya na ɗauke shi da 135, f ɗaya, girma ɗaya, kuma kowa ya kalla zai ce bayan na biyun ya fi narkewa nesa ba kusa ba.

Malamin Fiziks, Aliero:
Zai fi narkewa kuwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke haɗa abubuwa biyu mabambanta. Zurfin yankin da ke fitowa tar abu ne daban, tsananin dishewar abin da ke can nesa a baya kuma abu ne daban. Na farko yana magana ne a kan ko kunnen mutum da hularsa za su fito tare da idonsa, na biyu kuma a kan ko za a iya gane katangar da ke bayansa da mita 20. A misalin da na bayar, ramin lensin 50 a f/4 milimita 12.5 ne, na 100 kuma milimita 25, kuma idan girman mutumin ɗaya ne, dishewar abin da ke nesa sosai faɗin ramin nan take bi, don haka a na biyun za ta ninka ta farko. Ƙari a kan haka, dogon lensi ɗan yanki kaɗan na bayan yake ɗebowa ya baza shi, maimakon katanga da bishiya da babur da wayoyin lantarki, sai ka ga launin katangar kawai. Kunnen mutumin kuwa, in ka zuƙo hotunan biyu ka duba, za ka tarar kaifinsa kusan ɗaya ne.

Hajiya Mai Situdiyo, Jega:
Ku bar ni in dawo da zancen kan mai tambaya, kada ya ɓace a tsakaninku. Ƙanena, shawarar abokinka za ta iya yi maka aiki, amma ba don dalilin da ya faɗa ba. Lensin 18 zuwa 55 ba ya buɗewa ya wuce f/3.5 a gajeren gefensa, a dogon gefen kuma f/5.6 ne iyakarsa, wato shi da kansa zai hana ka f/1.8 ɗin da ke ba ka wahala. Amma ka yi hattara da matsowa kusa da gajeren lensi a hoton taro, domin ƙawayen da ke gaba kawunansu za su fi na sahun baya girma, wadda ta faɗo a gefen hoton kuma za ta yi faɗin da ba nata ba, kuma ina tabbatar maka ba za ta gode maka ba.

Ni abin da nake yi, kafin in taɓa kyamara sai na gyara mutanen. Nakan ce wa na baya su matso har su taɓa kujerun, su ɗan sunkuyo, masu durƙuso kuma su ja baya su jingina da gwiwar iyaye, sai ka ga an rage zurfin taron da kusan rabi. Sannan mutane suna da ɗabi'ar lanƙwaso sahu, na gefe-gefe su matso wajen mai hoto, alhali yankin fokas a miƙe yake daidai da fuskar kyamara, don haka sai ka miƙar da su. Fokas kuma a kan idon wata da ke sahun tsakiya nake ɗora shi, ba a kan amarya ba in tana gaba.

Sabon Mai Hoto, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Abin da ya rage mini shi ne haske, domin in na tsuke zuwa f/5.6 a cikin zaure hoton duhu yake yi.

Hajiya Mai Situdiyo, Jega:
Dole ya yi duhu. Jerin da ke kan kyamararka, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki rabin hasken wanda ya gabace shi yake bari ya shiga, daga f/1.8 zuwa f/5.6 kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne ya rage maka. In da kana kan ISO 400, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske in an ɗaga ta, sai ka kai wajen 4000 kafin ka mayar da abin da ka rasa, kuma ƙaramar sensa takan fara yin tsakuwa-tsakuwa a nan. Kada ka nemi mafita ta wajen rage gudun shata, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga, ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, domin a biki babu mai tsayawa cak, kullum akwai mai gyara mayafi ko yaron da ya juya. Ka sayi filash na ɗorawa, ka karkata kansa sama ya bugi silin in fari ne, hasken ya sauko a kan sahu ukun baki ɗaya. In ka auna su da shi kai tsaye, na gaba za su ƙone, na baya su zauna cikin duhu. In kuma da rana ne, ka roƙi uwar biki a fito da su inuwar gini.

Dattijo Mai Hoto, Yawuri:
Assalamu alaikum, yarana. Ina biye da ku tun farko, kuma malamin makaranta ya yi bayani mai kyau. Mu da muka koyi aikin nan da fim ba mu da allon dubawa, sai an wanke kake sanin abin da ka yi, don haka a jikin lensi muke karanta wannan lissafin. Tsofaffin lensuna suna da zanen lambobin f a hagu da dama na layin fokas, in ka zaɓi f/8, sai ka duba tazarar da ta faɗo tsakanin takwas ta hagu da takwas ta dama, duk abin da ke ciki zai fito.

Akwai dabarar da muke yi ranar hawa ko wasan kwale-kwale, lokacin da babu sukunin juya fokas. Sai ka juya har alamar iyakar nesa ta hau kan lambar f ɗinka, shi ke nan ka bar shi. A kan babbar sensa, da lensin milimita 24 a f/8 fokas ɗin zai tsaya wajen mita 2.4, kuma komai daga mita 1.2 zuwa iyakar gani zai fito, aikinka kawai ka kalli abin da ke faruwa ka danna. Da na 50 wannan wurin yana wajen mita 10, da na 200 kuwa ya haura mita 160, wanda ke nuna cewa dabarar ta gajeren lensi ce. Ina ganin a nan maganar ɗana na Argungu take da ƙarfi, domin gajeren lensi da wuri yake kai ka inda bayan hoton duka ke fitowa tar.

Malamin Fiziks, Aliero:
Allah ya ƙara girma, Baba, wannan gyara ne a kan bayanina kuma yana kan hanya. Daidaituwar da na ambata tana aiki ne matuƙar tazarar ɗauka ta yi ƙasa sosai da wannan wurin da kuka bayyana. Da zarar an kusance shi, gefen baya yakan miƙe da sauri, gajeren lensi ya samu rinjaye. Ko a hoton mai tambaya, milimita 25 daga mita 2 a f/5.6 zai ba shi kusan mita 1.6, maimakon 1.5 na lensin 50 daga mita 4, bambancin dai kaɗan ne. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa maganar da ake yawan maimaitawa, cewa kashi ɗaya cikin uku na zurfin yana gaba, kashi biyu suna baya, ba doka ba ce. A kusa-kusa, kamar hoton zobe ko lalle a hannu, rabi da rabi ne, a nesa kuma na baya yakan ninka na gaba sau da yawa.

Ɗaliba, Zuru:
Malamai, a yi mini uzuri, ni da waya nake ɗauka. An rubuta cewa kyamarar wayata f/1.8 ce, irin lambar da yayana mai tambaya ya ambata, amma in na ɗauki taro kowa fitowa yake yi har da na can baya. Me ya bambanta su?

Malamin Fiziks, Aliero:
Tambayarki ta dace, 'yata. Sensar waya ƙarama ce ƙwarai, don haka ainihin tsawon lensinta 'yan milimitoci ne, galibi tsakanin 4 da 7, ko da kin ga an rubuta 24 ko 26, wannan kwatancin faɗin abin da take gani ne da babbar kyamara. Ki raba milimita 6 da 1.8, za ki samu rami da bai kai milimita 3 da rabi ba, na mai tambaya kuma ya kusa 28. Ƙaramin rami haka kusan komai yake fitarwa. Narkewar bayan da kike gani a hotunan wayoyi kuwa yawanci manhaja ce ke ƙirƙiro ta, abin da ya yaɗu tun da Apple ya fitar da shi a iPhone 7 Plus a 2016. Wayar tana ƙiyasta abin da ke kusa da abin da ke nesa, ta yanke mutum, ta dishe saura. Ki duba bakin ɗaurin ɗankwali, ko mayafi mai shara-shara, ko ɗan sararin da ke tsakanin hannu da jiki, a nan take yawan yin tuntuɓe, ta cinye gefen ɗaurin ko ta bar wani yanki na bango tar. Lensi na gaske dishewarsa a hankali take ƙaruwa gwargwadon nisa.

Mai Hoton Su, Argungu:
A kan wannan na yarda da Malam ɗari bisa ɗari, domin na ga yadda waya ke yi da zaren homa, gaba ɗaya take shafe shi ta bar masunci riƙe da sanda. Amma ina so in ja kunnen ƙannenmu kan wani abu na daban: buɗe ƙofar haske duka a tsakar ranar Kebbi ba ya yiwuwa sai da shiri. A rana tsaka, ISO 100 da f/16 suna neman shata wajen 1/125, in ka bi matakan, f/2.8 yana neman 1/4000, wanda shi ne iyakar yawancin ƙananan kyamarori. Ka buɗe zuwa f/1.8 sai farar shadda ta ƙone, aikin da ke wuyan riga ya ɓace. Sai dai ka ɗaura gilashin rage haske a bakin lensin, ko ka jira la'asar.

Sabon Mai Hoto, Birnin Kebbi:
To, manyana, tunda tsukewa ke ƙara zurfi, me zai hana idan akwai rana in tafi f/22 kai tsaye in huta?

Dattijo Mai Hoto, Yawuri:
A'a, ɗana, nan ma akwai iyaka. Idan ramin ya yi ƙanƙanta da yawa, haske yakan bazu yayin da yake gogar bakin ramin, sai hoton duka ya yi laushi, har da wurin da ka ɗora fokas. A kan sensa irin taka abin yakan fara nunawa bayan f/11. Akwai wasu masu hoto a Amurka, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston, da suka kafa ƙungiya a 1932 suka raɗa mata suna f/64 saboda son da suke yi wa hoton da komai ya fito a cikinsa, amma su da manyan kyamarori suke aiki, masu fim ɗin da kan kai inci 8 da 10, wanda ba ya buƙatar a ƙara masa girma sosai. Kada ka ɗauki lambarsu ka ɗora a kan taka.

Sannan ka tuna lambobin da malami ya lissafa maka an gina su ne a kan hoton da bai wuce girman takarda ba, wanda ake riƙewa a hannu a kalla. Abin da za a tura a WhatsApp yana yafe kuskure mai yawa, shi ya sa allon kyamararka ke ruɗinka. Amma in ka san za a buga shi babba a saka a firam a rataye a falo, ka ƙara tsukewa da mataki ɗaya a kan abin da lissafi ya ba ka, kuma kafin ka sallami mutane ka zuƙo hoton a allon ka duba idon wanda ya fi kowa nisa.

Mai Hoton Su, Argungu:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara kawai ya shafi lokacin hunturu. Hazon da ke rufe ɗaya gaɓar kogi ba matsalar fokas ba ne, ko ka tsuke zuwa f/16 ba zai washe ba, kuma dogon lensi ya fi shan wahalarsa tunda ƙurar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ta fi yawa. Haka nan a f/16 da f/22 ne duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa ke bayyana a matsayin baƙaƙen ɗigo a sararin sama, wadda a f/4 ba za ka gan ta ba. Mai son ya san halin da sensarsa ke ciki, ya sa f/22 ya ɗauki sama ko farar takarda ya duba. Ni dai daga Disamba zuwa Fabrairu ba na cire lensi a fili, sai a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.